Kwamfutar Hannu a Teburin Wasan Labari: Taimako Ce Ko Katsalandan?

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Kayan wasan ba su da yawa: ƙananan littattafai uku a cikin kwali, sai mai saye ya nemo fensir da takarda da 'ya'yan ludo masu fuskoki daban-daban. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur. Ɗayansu shi ne jagora, shi ke bayyana gari da daji da kogo, shi ke magana da bakin sarki da ɗan fashi da dodo. Sauran kowa ya riƙe jarumi guda, ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da ƙwarewar jarumin, a ga ko ya yi nasara ko ya faɗi. Tamkar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da baki a cikinta, har mai bayarwar ma bai san yadda za ta ƙare ba.

Yau wasan ya haura shekara 50, ya bazu a duniya, ya haifi ɗaruruwan irinsa kamar Call of Cthulhu na 1981 da Pathfinder na 2009. Teburin kuma ya yi baƙuwa. Tun da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, kwamfutar hannu, wato tabilet, ta fara samun wurin zama a tsakanin littattafai da kofunan shayi. Wasu 'yan wasa na cewa ita ce ta sauke musu nauyin da ya daɗe yana danne wasan. Wasu kuma na ganin ta shigo ne ta raba mutanen da suka taru don su kalli juna. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurare ta, kuma ban ga dalilin raina ko ɗaya ba.

Waɗanne manhajoji ake nufi?

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san cewa manhajojin nan ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai masu riƙe takardar jarumi, wato inda ake rubuta ƙarfinsa da lafiyarsa da makamansa da sihirinsa. Fitacciya a cikinsu ita ce D&D Beyond, wadda aka ƙaddamar a 2017, sai Pathbuilder 2e ga masu wasan Pathfinder. Akwai na karatun dokoki, daga manhajojin buɗe littattafan PDF da ake saye a DriveThruRPG zuwa Archives of Nethys, inda dokokin Pathfinder suke kyauta da amincewar kamfanin Paizo. Akwai na taswira da fagen fama, irin su Roll20 da ya fara a 2012, da Foundry da Owlbear Rodeo da suka fito a 2020. Akwai na sauti, kamar Syrinscape, mai sako kukan iska da amon takubba da hayaniyar kasuwa. Akwai na jefa ɗan ludo. Akwai kuma na adana bayanan jagora, irin su Obsidian da Notion da World Anvil, inda yake tara sunayen garuruwa da tarihin sarakunan da ya ƙirƙiro.

Duk wanda ya tattara waɗannan ya yi musu kuɗin goro, ko na yabo ko na suka, ya kauce wa ainihin zancen. Kowace tana taɓa wani sashe na wasan dabam.

Hujjojin masu maraba da ita

Hujjarsu ta farko ita ce nauyi, na jaka da na ƙwaƙwalwa. Ginshiƙan bugu na biyar na Dungeons & Dragons da suka fito a 2014 littattafai uku ne, kowanne ya haura shafi 300, kowanne kuma kusan dala 50. Littafin 'yan wasa da aka sabunta a 2024 ya kai shafi 384. Jagoran da ke son ƙarin dodanni da labarai sai ya ƙara wasu a kai. Tabilet guda ta haɗiye su duka, kuma ana iya binciko kalma a cikinsu nan take. A littafin 'yan wasa kaɗai akwai nau'in sihiri fiye da 300, kowanne da nisansa da tsawon lokacinsa da sharuɗɗansa. Idan gardama ta tashi a tsakiyar faɗa kan ko wani sihiri zai ratsa bango, mai littafi zai yi ta buɗe shafuka kowa na jiransa, mai tabilet kuwa ya rubuta sunan ya karanto.

Hujja ta biyu lissafi ne. A dokokin bugu na biyar, idan jarumi ya kai mataki na 5, makin ƙwarewarsa yana tashi daga 2 zuwa 3. Wannan sauyi ɗaya yana shafar kai harinsa, da kare kansa daga wasu haɗurra, da duk fasahohin da ya iya, da ƙarfin sihirinsa. Mai takarda sai ya bi gurbi-gurbi yana gogewa yana sake rubutawa, kuma da wuya bai manta ɗaya ba. Manhaja kuwa tana gyara su gaba ɗaya. Ga sabon shiga, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Mutane da yawa sun so wasan amma takardar da ke cike da lambobi ta kore su tun a zaman farko. Manhajar da ke jan mutum mataki-mataki, tana tambayarsa wane irin jarumi yake so, ta buɗe ƙofar da a da sai mai haƙurin karatu ke shiga.

Hujja ta uku ita ce wadda nake ganin ta fi kowacce nauyi: adalci ga masu lalura. Wanda idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman rubutu a tabilet, abin da littafi ba zai ba shi ba. Makaho yana iya sa na'ura ta karanta masa takardar jaruminsa da abin da ɗan ludonsa ya nuna. Wanda haruffa ko lambobi ke rikita shi yana samun mai taya shi, ba tare da ya riƙa jin kunyar tambayar abokan zama ba. Duk teburin da ya kafa dokar hana na'ura kwata-kwata, ya sani cewa akwai mutanen da ya rufe wa ƙofa ba da niyya ba.

Ta huɗu ita ce nisa da tsada. Lokacin annobar korona a 2020, da aka hana taruwa, manhajojin taswira tare da manhajar hira ta Discord su suka raya dubban ƙungiyoyin wasa. Zuwa 2022 Roll20 ya sanar da cewa masu rajista da shi sun haura miliyan 10. Sa'annan akwai ɗimbin mutane a duniya da ba su da kantin sayar da waɗannan littattafai a kusa. Matashin da ke Kano ko Zinder ko Kumasi, wanda ya ga wasan a shirin Stranger Things ko ya kalli 'yan shirin Critical Role suna yinsa, idan ya ce sai ya yo odar littafi daga Amurka ko Ingila, kuɗin jigila da canjin dala za su sare masa gwiwa. Amma dokokin tushe na Dungeons & Dragons suna nan kyauta a intanet, na Pathfinder ma haka. A wurin irin wannan matashi, na'urar hannunsa ita ce kaɗai hanyar shiga.

Hujjojin masu ɗari-ɗari da ita

Masu adawa suna farawa ne daga hankali. Taura biyu ba ta taunuwa. Na'urar da ke ɗauke da takardar jarumi ita ce dai ke ɗauke da WhatsApp da Instagram da sakamakon ƙwallo. A dokar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne kacal a cikin labari, amma a tebur mai mutum biyar yana iya cin mintuna masu yawa kafin layi ya sake zagayowa kan mutum. A wannan jiran ne ido ke zamewa. Idan layinsa ya zo sai ya ɗago kai yana tambayar me ya faru, a sake maimaita masa, jiran kowa ya ƙaru, wani ma ya sunkuya kan tasa na'urar. Jagoran da ya kwana yana shirya labari, ya ɗaga ido ya ga kawuna a sunkuye, dole jikinsa ya yi sanyi. Kuma ko da mutum dokar wasa yake dubawa da gaske, na kusa da shi ba shi da hanyar sanin haka.

Hujja ta biyu ta shafi ilimin wasan kansa. Wanda ya cike takardarsa da fensir ya san daga ina kowace lamba ta fito, domin shi ya haɗa ta. Wanda manhaja ta haɗa wa yakan yi shekara yana wasa bai san dalilin da ya sa yake ƙara 7 a kan harinsa ba. Ranar da batir ya mutu ko intanet ta ɗauke, sai ya tsaya cik. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Daɗin wannan wasa shi ne mutum yana iya gwada duk abin da ya zo masa a rai: ya yaudari mai gadi, ya ƙona gada, ya nemi sulhu da dodo. Amma idan fuskar tabilet ta jera masa maɓallai biyar, sai a hankali ya fara ganin zaɓinsa biyar ne kawai. Jagorori da yawa na kukan cewa idan suka tambayi ɗan wasa abin da zai yi, maimakon ya dubi halin da jaruminsa ke ciki, sai ya dubi jerin maɓallan.

Hujja ta uku ita ce mallaka, kuma a nan tarihi yana bayan masu adawa. A 2008, zamanin bugu na huɗu, kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya kafa D&D Insider, inda ake biyan kuɗin wata-wata don amfani da manhajar ƙirƙirar jarumi. A 2010 aka mayar da manhajar sai da intanet, a farkon 2020 kuma aka rufe tsarin baki ɗaya. A 2014 an yi ta ɗokin DungeonScape, manhajar da aka shirya musamman don tabilet, amma kamfanin ya raba gari da masu gina ta tun ba ta kai hannun jama'a sosai ba. D&D Beyond kanta ta sauya iyayen gida: daga kamfanin Curse zuwa Fandom, sa'annan Hasbro, uwar kamfanin Wizards, ta saye ta a 2022 kan dala miliyan 146.3. A wannan shekarar aka daina sayar da wasu littattafan dodanni biyu a cikinta. A 2024 aka soke damar sayen guntun littafi, wato mutum ya biya kuɗin abu ɗaya da yake buƙata kawai. A watan Agustan shekarar kuma kamfanin ya sanar da cewa zai musanya tsofaffin sihirin 2014 da sababbi a takardun 'yan wasa, sai da jama'a suka yi ca sa'annan ya janye. A 2025 aka ƙaddamar da Sigil, fagen wasa mai siffofi kamar na zahiri, cikin 'yan makonni aka sallami mafi yawan ma'aikatan da suka gina shi.

Darasin a fili yake. Littafin da aka buga a 1974 har gobe ana iya buɗe shi a yi wasa, babu mai shigowa ɗakinka ya sauya masa shafi. Abin da ka saya a cikin manhaja kuwa izinin karatu ne, yana nan muddin kamfanin yana nan kuma bai sauya shawara ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Inda hujjojin ke karo da juna

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, sai a ga wasunsu suna da baki biyu. Ɗauki batun shagala. Masu adawa sun yi gaskiya cewa a lokacin jira ne hankali ke tafiya. To amma me ke tsawaita jiran? Sau da yawa buɗe littafi ne da ƙidayar lambobi, wato ainihin abin da manhaja ke gajartawa. Sihirin ƙwallon wuta yana buƙatar a jefa 'ya'yan ludo 8 masu fuska 6 a haɗa jimla. Idan mutum ya ɗauki minti guda yana ƙidaya, mutum huɗu ne ke zaune ba aikin yi. Ashe na'urar da ake zargi da kawo cutar tana iya zama maganinta, ya danganta da abin da aka buɗe a cikinta.

Batun ɗan ludo kuwa akasin haka ne. Ta fuskar lissafi, manhaja ba ta da son kai, wataƙila ma ta fi ɗan ludon roba mai araha wanda wani gefensa ya fi wani nauyi. Amma ba adalcin lamba kaɗai ake nema ba. Lokacin da rayuwar jarumi ta rataya a kan jifa ɗaya, kowa ya miƙe yana leƙe, ɗan ludo yana mirginawa a tsakiyar tebur, damar fitowar 20 ɗaya ce cikin 20, idan ta fito sai ɗaki ya kaure da ihu lokaci guda. Wannan jin daɗi na tarayya ne, kuma shi mutane suka zo nema. Lambar da ta bayyana a fuskar na'urar mutum ɗaya, ya karanto wa saura, ba ta haifar da shi. Gani ya kori ji. A nan masu adawa sun fi gaskiya, sai dai ga wanda lalura ta hana shi riƙe ɗan ludo ko ganinsa.

Taswira ta faɗo a tsakiya. Tabilet da aka kwantar a tsakiyar tebur tana yin abin da takarda ba ta iyawa: tana lulluɓe sassan kogon da ba a shiga ba da duhu, tana yaye su yayin da jarumai ke matsawa. Idanun kowa kuma suna wuri guda, don haka tana haɗa mutane ne. Amma akwai farashi. Idan jagora ya bayyana fadar sarki da baki, kowa na gina tasa a zuciyarsa. Idan ya nuna hoto, duk sun tsaya a kan hoton. Haka nan jagoran da ya ɓata sa'o'i yana ƙawata taswira yakan ƙi barin 'yan wasa su bi wata hanya dabam, domin kada wahalarsa ta tafi a banza. Ga kuma matsalar aiki: manyan manhajojin taswira irin su Foundry an gina su ne don babbar kwamfuta mai linzami, ba su cika daɗin sarrafawa da yatsa ba. Masu sauƙi irin Owlbear Rodeo sun fi dacewa da tabilet.

Ko batun mallaka ma yana da ɗaya fuskar. Ikon da kamfani ke da shi na sauya rubutu shi ne ke ba shi damar gyara kuskure nan take. A 2022, da aka soki wani sashe na littafin Spelljammer saboda kamanninsa da tsofaffin siffofin wariyar launin fata, Wizards ya nemi afuwa ya cire shi daga D&D Beyond, alhali kwafin da aka riga aka buga sun ci gaba da ɗauke da shi. Kuma ba kowane abu na na'ura ne aro ba. Littafin PDF da ka sauke ya zama naka, kamfanonin Paizo da Chaosium suna sayar da nasu a haka. Foundry sau ɗaya ake biyan dala 50. Obsidian yana ajiye bayananka a na'urarka ne. A Janairun 2023, bayan boren da 'yan wasa suka yi kan yunƙurin sauya lasisin wasan, Wizards ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Saboda haka layin da ya kamata a ja yana tsakanin abin da ke hannunka da abin da ke rumbun wani, ko takarda ce ko na'ura.

Inda na tsaya

A ganina, ma'auni ɗaya ya isa a raba gardamar. A wasan nan akwai ayyukan da babu wanda ya baro gidansa dominsu: neman shafi, haɗa lambobi, tuna layin wa ya zo, ɗaukar jaka mai nauyi. Akwai kuma abubuwan da dominsu aka taru: sauraron juna, ƙirƙirar dabara, kallon fuskar aboki lokacin da jaruminsa ke bakin mutuwa, ihun da ake yi tare. Duk manhajar da ta ɗauke kashi na farko, a yi mata maraba hannu bibbiyu. Duk wadda ta fara cin kashi na biyu, a dakatar da ita, komai kyanta.

A aikace, wannan na nufin jagora shi ya fi kowa cancantar riƙe tabilet, domin shi ke fama da dodanni goma da bayanan garuruwa da jerin layi a lokaci guda. Ɗan wasan da zai yi amfani da ita ya sauke abin da yake buƙata tun a gida, ya kashe sanarwar saƙonni, ya kwantar da ita a tebur yadda ba za ta tare fuskarsa ba. Sabon shiga ya bar manhaja ta taimaka masa, amma ya zauna ko sau ɗaya ya cike takardar jaruminsa da hannu don ya san tushen lambobinsa. A bar ɗan ludo ya ci gaba da mirginawa a gaban kowa. Sauti ya zama kaɗan, kada ya danne muryar mai magana. Wanda zai kashe kuɗi ya fifita abin da zai iya saukewa ya adana, ya kuma riƙa buga kwafin takardar jaruminsa lokaci-lokaci. Wanda kuma lalura ta sa dole sai da na'ura, kada a sa shi ya yi ta bayani, a gyara masa wuri kawai.

'Yan wasa suna da al'adar yin zama na musamman kafin a fara sabon labari, inda ake tattauna irin labarin da ake so da abubuwan da ba a so a taɓo. Batun na'ura ya cancanci shiga wannan zama, a yi magana a kai a fili, a amince da ƙa'ida tun kafin rai ya ɓaci. Kamfanoni za su ci gaba da fito da sababbin manhajoji, kuma burinsu shi ne a yi amfani da su a kowane lungu na wasan, domin a nan ribarsu take. Mutanen da ke zaune a teburin su ne suka san abin da ya tara su, don haka su ya kamata su yanke wa na'urar iyakar aikinta.